Kawuna Ɗaya Ne, Amma Takardunsa Sun Ce Su Uku Ne

Kawuna ya rasu a tsakiyar damina, ya bar mata biyu da ƴaƴa bakwai, ya kuma bar wata tsohuwar jakar fata da ba wanda ya taɓa buɗe ta yana raye. Ranar sadakar bakwai, bayan masu gaisuwa sun ragu, uwargidansa ta aika aka kira ni ɗakinta, ta turo jakar gabana ta ce, "Ɗana, kai ne ka yi boko a gidan nan. Kawunka ya sha faɗa mini cewa yana da kuɗi a Kes. Ka duba mana, don ni ba ni da ikon fita sai na gama takaba." Na ce, "To, Inna, in Allah ya yarda zan duba." A raina na ɗauka aikin mako biyu ne ko uku, ashe Inna za ta cika wata huɗu da kwana goma ta fita takaba, kaka ta shigo, sanyi ya zo ya wuce, ni kuwa ina nan ina yawo da takardu a cikin garin Tawa.

Abin da mutanenmu ke kira Kes shi ne CNSS, asusun ƙasar Nijar na kula da ma'aikata, wanda aka kafa a 1965. Ma'aikatan kamfanoni da duk mai aikin albashi da ke ƙarƙashin dokar ƙwadago su ne nasa. Ma'aikatan gwamnati na dindindin kuwa fanshonsu yana hannun wata hukuma daban, CARENI, kuma rashin bambance waɗannan biyun kaɗai ya isa ya sa mutum ya yini a layin da ba nasa ba. Abubuwa uku Kes ke ɗauka: tallafin iyali, wato kuɗin ƴaƴa da na haihuwa, diyyar haɗari ko cutar da aiki ya jawo, sai fansho na tsufa, da na naƙasa, da na waɗanda mamaci ya bari. Kuɗin ba kyauta ba ne daga kowa. Kowane wata ana cire kashi 5.25 cikin 100 daga albashin ma'aikaci, mai kamfani kuma ya ɗora nasa kason wanda ya fi wannan yawa, ya kai duka tare da sunayen ma'aikatansa. A wannan kaiwa da wannan rubuta suna haƙƙin mutum yake ginuwa ko ya rushe, shekaru da yawa kafin ranar da za a zo nemansa.

Kawu direba ne. Ya fara da jan motar yashi a wani kamfanin gine-gine da ya daɗe da rufewa, daga baya ya koma wani kamfanin sufuri inda ya zauna har ciwon ajali ya kama shi. Bai kai shekara 60 ba, wadda ita ce shekarar ritaya, saboda haka bai taɓa karɓar fansho da hannunsa ba. Ma'aikacin da na fara samu a biro, wato ofishin Kes, ya zaunar da ni ya yi mini bayani dalla-dalla, kuma ina gode masa har yau, domin shi ya nuna mini inda maganar take. Ya ce idan mamaci ya tara wata 180 na zubi, wato shekara 15, matansa da ƙananan ƴaƴansa suna da fansho mai ɗorewa. Idan kuwa bai kai ba, abin da za a ba su kuɗi ne dunƙule sau ɗaya, daga nan an rabu. Na yi lissafi da yatsu na ga Kawu ya yi kusan shekara 19 yana aikin albashi, na ce ai mun wuce wurin. Da aka buga lambarsa a kwamfuta sai aka ga shekara 13 da ƴan watanni. Shekarun kamfanin farko babu su ko ɗaya.

Na koma gida na zazzage jakar a kan tabarma. Akwai takardun albashi da yawa, wasu gara ta ci gefensu, wasu tawadar ta koɗe har sai an ɗaga su a rana kafin a karanta. A cikin tsofaffin na ga an rubuta kuɗin da aka cire masa na Kes kowane wata, amma lambar da ke samansu ba ita ce ta katinsa ba, sunan ma ba shi ba ne. Da ya shiga kamfanin farko yana saurayi, wanda ke rubuta ma'aikata ya tambaye shi sunansa, shi kuwa ya faɗi laƙabin da kowa ke kiransa da shi tun yana yaro, ya haɗa da sunan kakansa wanda ya rene shi. Da ya koma kamfani na biyu sai aka duba katinsa na ɗan ƙasa, aka rubuta sunan yanka da sunan mahaifi, aka buɗe masa sabuwar lamba kamar wanda bai taɓa aiki ba. A takardun haihuwar manyan ƴaƴansa kuma akwai suna na uku, wato sunan yankan nan amma a gajarce, yadda ungozoma ta ji shi daga bakin kakar yaran.

A nan nake so in daɗe, domin ban ga abin da ya fi wannan cin haƙƙin mutanenmu ba. Mu mutane ne masu yalwar suna. Wanda aka raɗa wa Abubakar yana iya tashi a matsayin Garba ko Buba, Ibrahim ya zama Iro, Muhammadu kuwa ba a ƙidaya hanyoyin kiransa, balle hanyoyin rubuta shi da baƙaƙen Faransanci, inda kowane magatakarda ke bin abin da kunnensa ya ba shi. Uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, mace ba ta faɗin sunan mijinta, suruka tana kauce wa sunan surukinta ko da a bakin wani yaro ne, kuma duk wannan alkunya ce mai kyau wadda ba na fatan ta gushe. Amma ranar da aka aiki tsohuwa ta je ta rubuta jariri, aka tambaye ta sunan uba alhali shi ne ɗanta na fari, abin da za ta faɗa ba shi ne ke kan katinsa ba. A cikin gari ba mai ruɗewa, kowa ya san wane ne ake nufi. Kwamfuta ce ba ta san unguwa ba, ba ta san dangi ba, harafi ɗaya in ya canza ta ga wani mutum daban. Ga kuma maganar shekara: katin Kawu bai ce an haife shi rana kaza ba, cewa ya yi wajajen shekara kaza, kamar yadda aka yi wa mafi yawan tsararsa da aka haifa a ƙauye, kuma kamfanin farko ya rubuta masa wata shekarar daban da ta bambanta da shekara biyu.

Maganin wannan yana wurin alƙali. Akwai takardar da kotu ke bayarwa mai shaida cewa sunaye daban-daban na mutum ɗaya ne, kuma kafin a ba da ita sai an kawo duk takardun da sunayen ke ciki da mutanen da suka san mamacin. Na nemo wani tsohon makaniki da suka yi aiki tare a kamfanin farko, wanda yanzu yake zaune a Ƙonni, na biya masa kuɗin mota ya zo ya yi shaida. Da aka haɗa lambobin biyu sai watannin suka haura 180, amma ba su kai yadda na lissafa ba, domin akwai kusan shekara biyu da kamfanin farko ya riƙa cire masa kuɗi a takarda ba tare da ya kai su ba. Kamfanin ya rufe, mai shi ya rasu, ba wanda za a kama. Da a ce waɗannan shekaru biyun su ne za su cike 180 ɗin, da iyalin Kawu sun tashi da kuɗin da ba zai kai su wata damina ba. Har yanzu in na tuna yadda ratar take ƙarama sai in ji gabana ya faɗi.

Ina tsammanin an gama, sai maganar aure ta taso, kuma ita ce ta fi yi mini nauyi, ba don wuyar takarda ba, sai don abin da ta tayar a cikin gida. Kes ba ta biyan mace fanshon miji sai da takardar aure. Amarya tana da tata, domin lokacin da aka ɗaura aurenta Kawu yana kamfani na biyu, kuma an nemi takardar kafin a fara ba shi kuɗin ƴaƴa, sefa 1,500 a wata ga kowane yaro, waɗanda ake tarawa a biya bayan wata uku. Ƙanƙantar kuɗin nan ta sa mutane da yawa ba su damu da bin su ba, amma ga shi su ne suka sa aka rubuta auren amarya. Auren Inna kuwa an ɗaura shi fiye da shekara 30 da suka wuce a wani ƙauye na yankin Illela, a ƙofar gidan mahaifinta, gaban liman da waliyyai da goro, ba wanda ya yi tunanin zuwa wurin magajin gari. Na rasa yadda zan faɗa mata. Da na faɗa, ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce, "Ashe ni da na haifi biyar a gidan nan, a wurinsu ba matarsa ba ce?" Na ce, "Inna, ba haka ba ne, ba su ce babu aure ba, cewa suka yi ba a rubuta ba, kuma ana iya rubutawa yanzu." Ta ce, "Bayan mai auren ya tafi?"

Ana iyawa, ta hanyar hukuncin alƙali da ke maye gurbin takardar da ba a yi a kan lokaci ba, irin wanda ake yi wa yaron da ba a rubuta haihuwarsa ba in ya zo jarrabawar ƙarshen firamare. Sai dai dole a kawo shaidu. Limamin da ya ɗaura auren ya rasu, waliyyin Inna ya rasu, saura wasu dattawa biyu da suka halarta suna samari. Na je ƙauyen na kwana biyu kafin ɗayansu ya yarda ya biyo ni, domin a wurinsa duk wanda aka kai gaban alƙali to laifi ya yi, kuma sai da mai gari ya sa baki. Dole in faɗi gaskiya game da amarya: ita ce ta riƙa tuna mini kada in ajiye dosiyenta, wato tarin takardunta na nema, ita kaɗai in bar na yayarta, alhali ta san cewa rabin fanshon mamaci da doka ta ware wa mata ana raba shi ne daidai tsakaninsu, kuma shigowar Inna ragi ne a kasonta.

A wannan tafiya ta ƙauye ne na ci karo da wata fuskar maganar. Da mata suka ji cewa wani ɗan birni ya zo da takardu yana maganar kuɗin gwamnati, kafin la'asar sun cika zauren mai gari, kowace tana roƙo in rubuta sunanta. Sun ɗauka ni ma'aikacin shirin nan ne na tallafin kuɗi ga gidaje matalauta, wanda gwamnati ta fara a 2011 da taimakon Bankin Duniya a jihohin Dosso, Maraɗi, Tawa, Tilaberi da Damagaram, ana ba mace ɗaya a kowane gida da aka zaɓa jika goma, wato sefa 10,000, a wata, kafin kashi na biyu mai suna Wadata Talaka ya zo a 2019 ya ɗaga kuɗin zuwa jika goma sha biyar. Na yi ta bayani cewa wannan daban, wancan daban. Na Kes haƙƙi ne da mutum ya saya da guminsa, shi ke zuwa ya nema da hujja. Na shirin tallafi kuwa ba a rubuta takardar nema. Ana fara zaɓen yankuna da ƙauyuka ne, sannan masu bincike su bi gida gida suna tambayar yawan mutane, da irin ginin ɗaki, da dabbobi, da kayan da aka mallaka, a auna a fitar da waɗanda suka fi rauni, a karanta sunayen a gaban taron gari. Wata tsohuwa ta ce ranar da masu binciken suka zo ta ari tabarma sabuwa da kujera daga maƙwabta don kada baƙi su ga tsiraicin gidanta, kuma tana zargin abin da ya fitar da ita ke nan. Ban iya ce mata eh ko a'a ba, amma na fahimci abin da take nufi: an tambayi mutanen da aka tarbiyyantar a kan rufin asiri su baje talaucinsu a gaban baƙo, kuma mai kunya shi ke faɗuwa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yawan waɗanda ba su da ko ɗaya daga cikin ƙofofin biyu. Adar, wato yankinmu na Tawa, ƙasar ƴan ci-rani ce. Matasanmu suna tafiya Abijan, da Libiya, da Najeriya, su yi shekara 20 suna dako ko talla ko gadi, su gina ɗaki a gida su aurar da ƙanne, amma ba a taɓa cire musu ko dala an ajiye da sunansu ba. Manomin albasa na Galmi, da mai jan amalanke, da mahauci, da mai ɗinki a kasuwa duk haka suke. Ba su da lamba a Kes, kuma mafi yawansu ba su kai talaucin da zai sa sunansu ya fito a taron gari ba. Kawu, da duk wahalar da dosiyensa ya ba ni, yana cikin ƴan tsirarun da ke da abin nema.

Rigima ta ƙarshe daga dangi ta zo. Da labari ya bazu cewa kuɗi za su fito, ƙannen Kawu biyu suka ce a kira malam ya raba, tunda duk abin da mamaci ya bari gado ne, mata su ɗauki tumuninsu, saura a raba wa ƴaƴa namiji ya ɗauki rabon mata biyu. Ban ga laifinsu ba, domin abin da suka sani ke nan, kuma a kan gida da gona da babur haka aka yi. Amma na nuna musu cewa wannan ba kuɗi ba ne da ke ajiye da sunan Kawu wanda za a ɗauko a zube a faifai. Doka ce ta ambaci masu shi tun farko: matan da ya bari muddin ba su sake aure ba, da ƴaƴan da ba su wuce shekarun da aka ƙayyade ba, inda ake tsawaita wa mai karatu har shekara 21. Babban ɗansa mai mata da ƴaƴa ba shi da komai a ciki, autar amarya mai shekara shida kuwa tana da kaso daidai da na yayanta namiji. Wannan ya yi wa wasu ɗaci. Limamin unguwa ya saurari kowa, ya ce shi abin da mamaci ya mallaka ranar da ya cika yake rabawa, wannan kuwa bai taɓa shiga hannunsa ba, aka bar maganar a nan ko da yake ba kowa ya gamsu ba.

Sauran aikin tattara takardu ne kawai: takardar rasuwa, takardar taron dangi da ke nuna magada da wanda zai riƙe yara, takardun haihuwa, shaidar makaranta ga masu karatu, hotuna, da shaidar cewa matan ba su yi wani aure ba. Ajiye dosiyen kansa ban biya ko dala ba. Abin da ya ci kuɗi shi ne tambur, wato kan sarki, a kan kowace takarda, da kwafi, da kuɗin mota da abincin shaidu, waɗanda in an tara su sun isa su sa gidan da ba shi da mai tsaya masa ya haƙura tun a rabin hanya. Sau biyu wasu masu zaman bakin titi suka tare ni suka ce suna da hanya, in ba su wani abu su gaggauta mini. Ban ba su ba, kuma ban ga abin da rashin ba su ya rage mini ba. Abu ɗaya da na koya da wuri shi ne kada in miƙa takarda ta asali ba tare da na riƙe kwafinta ba, kuma kada in bar biro ba tare da shaidar cewa an karɓi abin da na kawo ba. Daga ranar da dosiyen ya cika zuwa ranar da aka kira mu bai kai tsawon lokacin da na ɓata wajen gyaran suna kaɗai ba.

Kuɗin da suka fito ba su da yawa, albashin direba ne aka yi lissafi a kansa. Suna sayen hatsi, suna biyan wuta, suna rage nauyin makaranta. Kuma ba a gama da takarda ba, domin lokaci lokaci sai matan sun kai shaidar cewa suna raye, yara kuma duk shekara in an koma makaranta sai an karɓo musu sabuwar shaida, in ba haka ba a dakatar da kasonsu. Na sayi wata jakar roba mai aljihu-aljihu na jera komai a ciki, na rubuta sunan kowace takarda da Hausa a bayanta, na koya wa ƴar Inna ta uku, wadda ke aji na ƙarshe a sakandare, yadda za ta riƙa bi. Ni ma na je na sa aka buga tawa lambar, na tarar da harafi ɗaya ya bambanta tsakanin katina da abin da ke cikin kwamfuta, kuma na riga na fara gyara.

Watan jiya amarya ta same ni a zaure bayan magariba, ta zauna nesa kaɗan ta yi ta kewaye-kewaye kafin ta faɗi abin da ya kawo ta. Wani mutum daga garinsu ya aiko yana neman aurenta, iyayenta kuma sun matsa, tunda shekarunta ba su wuce 33 ba. Ta ce, "Malam, in na yi auren, kuɗin nan za su tsaya?" Na ce nata kason zai tsaya, amma na yaran yana nan har su kai shekarun da aka yanka. Ta tambaya ko dole ne a sanar, na ce dole ne, domin shaidar rashin aure da take kaiwa ba za ta yiwu a kan ƙarya ba, kuma abin da aka karɓa ba bisa ƙa'ida ba ana iya neman a mayar da shi. Ta yi shiru tana murza bakin mayafinta, sannan ta ce in bar maganar tsakaninmu tukuna, za ta je gida bayan Sallah ta ga mutumin da idonta.